Ohaj, Ranar Da Ya Ce Ba Ya Gani

Kafin jiragen masu nutso su bar tashar Bur Sudan, Ohaj Adarob ya riga ya sha gahawarsa mai citta a wurin Sitt Batul mai sayar da gahawa, ya buɗe rumfar ɗura iska. Aikinsa na fari kullum ɗaya ne. Zai ɗauko 'yar na'urar awon oksijin, ya kara ta a bakin tukunyar da ke ɗauke da iska zalla, irin wadda ni da kai muke shaƙa, yana murɗa ɗan maɓalli har lamba ta tsaya a ashirin da ɗigo tara. Ba ya saita ta da iskar waje kamar yadda malalata ke yi, don iskar bakin teku jiƙaƙƙiya ce, tana sa na'ura ƙarya. Sai ma'auni ya daidaita sannan ya auna tukwanen da aka ƙara wa oksijin, waɗanda mutane za su goya su shiga ƙarƙashin ruwa.

Wanda bai sani ba ya sani: oksijin in ya yi yawa a tukunya, mutum kuma ya yi zurfi, jijjiga ce za ta kama shi kamar mai farfaɗiya, a inda ba mai riƙe shi. Mudu in ya karkace, duk abin da aka auna da shi ya karkace.

Da baƙin gashi Ohaj ya shiga rumfar nan, har ya yi furfura ba a taɓa fito da gawa da tukunyarsa a baya ba. Al'adar aikin ce mai tukunya ya duba lamba da idonsa, ya faɗe ta da baki, ya rubuta a jikin tukunyarsa, kuma Ohaj bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, baƙo ko ɗan gari. Rayyis Mirghani, matuƙin jirgin da yake yi wa aiki, kan leƙo ya kira shi Ammu, wato baffa, ya ce, "Ammu Ohaj, iska kake aunawa ko zinariya? Rana ta yi!" Shi kuwa ya ce, "Teku ba ta gudu, Rayyis. Zauna."

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bai gaya wa kowa ba, don a cikin mutanensa namiji ba ya kukan rauni. Al'adar nan ma ta rufa masa asiri, tunda masu tukwane ke karanta lamba da kansu. Amma saitin safe shi kaɗai ke yin sa. Yakan kai na'urar bakin ƙofa, ya manna ta a hancinsa, har ya gano lambar.

Wata safiya ya murɗa, ya duba, bai ga komai ba sai hazo. Ya goge ido da gefen rawani, ya sake dubawa. Jirgi cike da baƙi, iyalinsa kuma da rumfar nan suke ci. Da ya yi shiru ba mai sani.

Ya fito gaban jama'a, na'ura a hannu, kai a sunkuye.

"Rayyis, kada a ɗauki tukunya ko ɗaya. Ba na gani."

"Ba ka ganin me?"

"Lambar. Tun bara take guje mini, yau ta ɓace."

Mirghani ya karɓa, ya kara a tukunyar iska zalla. Ashirin da ɗigo tara, cif. Ya fashe da dariya. "Kai Ammu! Daidai take! Ka tona wa kanka asiri a banza. Makahon da ya fi masu ido!"

'Yan dako suka ɗauki dariyar, tasha ta ɗauka. Ohaj ya ce, "Yau hannuna ya yi sa'a. Ba na goya wa ɗan mutum sa'a ya shiga teku." Ya ajiye makullin rumfa a kan tukunya ya tafi.

Tun ranar bai sake takowa tasha ba. Ko gahawa sai Sitt Batul ta aika masa gida, wai kunyar haɗa ido da mutane yake ji. Ita ce ta tsaya ta wanke mazan tashar nan tas: "Kun yi wa mutum dariya don ya ƙi kashe muku baƙi. Tir da gemunku!"

To, Ohaj, ɗago kanka. Kai ne ka zaɓi kunyar safiya ɗaya a kan makokin gidan wani. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kai kuwa ka buɗe naka tun ba a tambaye ka ba. Kunyar ba taka ba ce, ta tashar da ka yi wa tsufa ce, wadda ta sallame ka da shewa. Mun gode, Allah Ya saka maka.

Ku kuma masu riƙe da ran jama'a, direba ne kai ko mai allura, ran da ƙarfi ya gaza ku faɗa da bakinku. Rayyis Mirghani, an ce yanar ido ana cire ta a asibiti, motarka kuma lafiyarta ƙalau. Ka san ƙofar gidansa.