Kwana huɗu a Sakkwato neman gurbin karatun ungozoma

Ana idar da sallar asuba muna tasha, ni da abokiyar aikina, amma motar ba ta ɗaga ba sai da rana ta fito sosai. A gabashin Sakkwato yanzu babu direban da ke shiga daji da sauran duhu. Sai an ga motar farko ta iso daga wancan ɓangaren, an tambayi direbanta yadda hanya ta kwana, sannan kowa ya tayar da tasa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ina aiki ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu mai ɗaki uku. Mu biyu ne mata a wurin. Ni takardar kiwon lafiyar al'umma gare ni, ba a koya mini karɓar haihuwa mai gardama ba. Ita kuwa abokiyar tafiyata ta girme ni da kusan shekara ashirin, Inna nake ce mata, kuma rabin yaran garin a hannunta suka faɗo, sai dai ba ta da takardar ungozoma. A rediyo muka ji cewa wata gidauniya za ta tallafa wa ma'aikatan lafiya na karkara su karo karatun ungozoma na shekara biyu. Dole mutum ya je da kansa, kuma a makon nan ake rufewa. Muka bar wa abokin aikinmu mai ba da magani makulli, muka ce masa kwana ɗaya za mu yi.

Mu huɗu aka cusa a baya, biyu a gaba, but ɗin motar kuma shaƙe da buhunan albasa. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Warin albasar ya sa kowa na share ido, don haka duk wanda ya yi kukan gaske a motar nan yana da abin fakewa. Dalilin kukan kuwa akwai shi. Mun wuce ƙauyuka uku da na sani cike da mutane, yanzu babu ko akuya, an ɓamɓare kwanon rufin gidajen an tafi da shi. A kowane shinge direba sai ya miƙa hannu ta taga. Babu wanda ya yi hira sai da muka fara hango fadamar shinkafa, alamar birni ya kusa.

Zafin Sakkwato a bazara ba irin na ƙauye ba ne, kwalta ma turiri take yi. Muka hau baburan kabu-kabu biyu zuwa ofishin da ake karɓar takardu, muka tarar an rufe layin ranar tun kafin azahar. Sai muka wuce unguwar Gidan Dare wurin gwaggona. Babu wuta, ruwa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa, amma ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka mai daddawa. Da na ce mata gobe za mu koma, ta yi dariya ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin takarda ta fito daga ofis a kwana ɗaya ba.

Washegari muka karya da masa a bakin titi muka shiga layi. Mata ne fal, wasu da goyo, kowa rungume da fayil. A nan muka ji abin da rediyo bai faɗa ba. Tallafin kuɗin makaranta kaɗai yake biya. Masauki da abinci da littattafai rance ne, za a riƙa cirewa daga albashi bayan an gama. Sai ka kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya maka. Kuma wanda ya haura shekara arba'in ba ya ciki.

Wani matashi ne a kan teburin. Ya duba takardun Inna ya turo mata su a hankali.

“Ɗana, duba dai da kyau,” in ji ta. “Aikin ga nike yi tun ba a haihe ka ba.”

“Ki yi haƙuri, Inna. Ba mu munka sa dokar ba. Ko na shigar da sunanki, kwamfuta ba ta amsa.”

Inna ta ɗaure fayil ɗinta a cikin leda kamar yadda ta kawo shi. Na ce mu tafi gida gaba ɗaya, ta harare ni ta ce in ta rasa, ni ma in rasa, wa ya ci riba? Ta ce za ta zauna har in gama, don ba za ta bar ni in biyo hanyar nan ni kaɗai ba.

Da yamma muka je Ƙofar Dundaye wurin kawuna mai shagon atamfa. Shekarunsa a kasuwa sun fi nawa a duniya, amma sa hannunsa ba ya aiki a takardar, tunda ba shi da albashi. Abin ya yi masa ciwo, sai ya mayar da shi raha, ya ce ashe masinja ya fi shi daraja. Ya rufe shago ya kai ni gidaje biyu. Na farko ya ce ya taɓa tsaya wa wani ya ji jiki, ya yi rantsuwa ba zai sake ba. Ta biyu wata hajiya ce, babbar ma'aikaciyar gwamnati, da ke sayen zane a wurinsa. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, “In kin gama, ƙauyen za ki koma ko birni za ki maƙale?” Na ce ƙauyen. Ta sa hannu.

Rana ta uku ita ce ta ganawa da kwamiti. Muna zaune a baranda bayan la'asar, ana kira ɗaya bayan ɗaya, wayar Inna ta yi ƙara. Wani manomi ne daga garinmu. Matarsa ta haihu a gida, haihuwarta ta biyar, jaririyar lafiya lau, amma jini ya ƙi tsayawa. Inna ta durƙusa a jikin bango ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Ta ce a ba maƙwabciya wayar. Ina jin ta tana cewa a murza marar da ƙarfi, a sa jaririyar a nono, a ɗaga ƙafafun matar, a ruga a kira mai ba da magani ya zo da allura. Layin ya yanke. Ta kira, ya shiga, ya sake yankewa. Da ya dawo aka gaya mata an nemi mota zuwa babban asibiti, duk direbobin sun ce rana ta yi ƙasa, sai da safe.

Daidai nan aka kira sunana. Na tsaya ina kallon Inna, ta ture ni da gwiwar hannu ba tare da ta cire wayar daga kunne ba.

Mutum uku ne a ciki, da na'urar sanyaya ɗaki da ruwan roba a gabansu. Ba su wulaƙanta ni ba. Sun tambaye ni abin da ya sa nake son karatun, na ba da amsa, amma wallahi har yau ban san me na ce ba. Da na fito na tarar da Inna zaune a ƙasa, wayar a cinyarta. Ban tambaye ta ba, na ji abin da bakinta ke maimaitawa. Matan layin suka kewaye mu suna ba da haƙuri, ba su san ko wace ce ta rasu ba.

Motar farko muka bi rana ta huɗu. Ban lura da komai a hanya ba. Kafin mu isa an riga an kai ta. Daga tasha muka zarce gidan gaisuwa da jakunkunanmu. Mijin bai ga laifin kowa ba, ya ce kwananta ne ya ƙare, har ya yi mana sannu da hanya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa ce kawai a cikin ɗaki ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “Da ɗaya cikinsu taz zamna.” Inna ta karɓi jaririyar ta duba cibiyarta, ta nuna wa kakar yadda za a riƙa ba ta madara da cokali.

Shekaranjiya saƙo ya shigo wayata cewa an ɗauke ni, za a fara bayan Sallah. Na kai wa Inna na ce ina jin ba zan je ba. Kwana huɗu muka yi aka rasa rai, ina ga shekara biyu? Ta ce ko muna nan ranar, abin da ta sani shi ne abin da ta faɗa a waya, kuma ba kullum yake isa ba. “Ki tahi ki koyo abin da ban iya ba,” ta ce. “Ni ko bikin ɗiyata aka yi, ba ni barin garin ga sai kin dawo.”

Abin da na gano a tafiyar nan shi ne, masu tallafin sun yi tunanin makaranta da rance da mai tsaya wa mutum, amma a duk shafukan da na cike babu inda aka tambayi wa zai riƙe asibitin idan na tafi. Duk wadda za ta nemi irin wannan, ta fara da wannan tambayar tun kafin ta shiga mota, kuma kada biyu su tafi rana ɗaya. Ni dai na amsa musu cewa zan je. Inna ta kwaso tabarmarta da butarta ta koma ɗakin karɓar haihuwa da zama tun jiya.