Rumbun da Na Gina, Sunan da Ban Faɗa Ba

An rubuta a takardar jami'a cewa wanda ya gina rumbuna ya mutu, alhali ina raye. Wannan ba zan manta da shi ba har a kai ni makwancina.

Ni magini ne, rumbu nake ginawa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. A farkon shekarun shari'a wata malamar jami'a ta zo ƙauyenmu a Kibiya da tsohon hoton wani rumbu a hannunta. Wani ne ya ɗauka tun da daɗewa ya sa a littafinsa, ita kuma tana so ta sake sa shi a rubutunta kan ajiyar hatsi. Ta ce ƙa'idarsu sai an nemi izini, a kuma rubuta a ƙarƙashin hoton wanda ya ɗauka da wanda ya yi aikin. Mai hoton ya yarda. Saura maginin.

Rumbun aikina ne. Ni na kwaɓa ƙasar, ni na ɗora shi kan duwatsu, ni na zana wuyansa da yatsa.

Mai unguwa ya sa aka kira ni, na durƙusa a zaure. Ta ce, "Baba, wa ya gina wannan?"

A wurinmu magini ba ya cewa ni. Ko ya yi furfura, wanda ya koya masa yake kira. Na ce, "Hannun maigidana ne, Hajiya." Na faɗa mata sunansa.

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Akwai wanda ya gaji aikin?"

Na dubi mai unguwa, don shi ya kamata ya nuna ni. Yana can yana korar akuya daga tabarma. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai dai Allah." Ta rubuta, ta yi godiya, ta shiga mota.

Bayan damina biyu wani malamin firamare ya tare ni a kasuwar Rano yana dariya. "Malam, ashe fatalwa muke gaisarwa kullum?" Ya zaro takardun da malamar ta rubuta. Ga rumbuna. Ya karanta mini ƙasan hoton da Hausa: sunan mai hoto, littafin da aka ɗauko shi, izinin da aka bayar. Sannan sunan maigidana, wai shi ne na ƙarshe mai irin wannan gini, ya rasu bai bar magaji ba.

Ban yi dariya ba. Matata ta rasu, ba mu haihu ba, mutane sun daina neman rumbu. Takardar nan ce kaɗai inda aikina zai saura bayan ruwa ya cinye ginin, kuma da bakina na cire kaina daga ciki.

Malamin ya rubuta wa jami'ar wasiƙa, amsa ba ta zo ba. Ban ga laifin matar ba, ai ta tambaya. Ƙarshe na ce masa, "Rubuta sunana da biro a ƙasa." Ya rubuta, ya ba ni takardar. Duk duniya ita kaɗai ce mai sunana.

Abin da na koya: takarda ba ta san kunya ba, abin da ka faɗa shi take riƙewa. In an tambaye ka don a rubuta, ka faɗi sunan wanda ya koya maka, ka faɗi naka.

Yanzu ina gadin wani sito a Rano, ni kaɗai, da buhunan masara.