Ɗan Dakon da Aka Hana wa Nama

Shekara talatin da ɗaya Bong Chil-seong ya yi yana dakon yadi a kasuwar Dongdaemun. Kilo saba'in a gadon baya, bene hawa biyar, sahu arba'in a wuni. Bijimi 'yan kasuwa ke ce masa.

Yana da shekara sittin da huɗu wando ya fara matse shi. Hoto ya nuna ƙari can bayan hanji, manne da ƙodar hagu. Likita ta ce ciwon daji ne, fiɗa ce kawai maganinsa, ta sa rana. Matarsa Gil-rye ta ce a dakata, matan unguwa duk sun tabbatar mata nama ne ke ciyar da cutar. Ta kwashe shi sai ƙauyen yayanta a gindin dutse, ta ɗora shi kan shinkafa mai dusa da ganye. Ba alade, ba ƙwai, ko busasshen kifin miya ta tsame.

"Uwar Eun-sil, wai akuya kika aura?" ya ce wa matarsa, yana kiranta da sunan 'yarsu.

"Ai akuya ta fi ka jin magana. Ci, tsoho! Da yunwa za mu kashe abin nan."

Kowace safiya yakan hau sikeli: kilo sittin da biyu. Wata biyar bai ragu ba. Gil-rye na rubutawa a kalanda tana murna.

Da suka koma asibiti, likitar ta ba shi ƙarfen gwada ƙarfin damƙar hannu. Ya matsa iya ƙarfinsa. Goma sha tara. Namiji, in ji ta, ya kamata ya kai ashirin da takwas.

"Baba, ƙarin ya ƙaru da kilo bakwai, tsokarka ta zube kilo bakwai, shi ya sa sikeli bai motsa ba. Shi bai ji yunwa ba, kai yake ci. Fiɗar nan sai mai tsoka."

Ta ba su mako uku ya murmure. Gil-rye ta dafa kaza, ta gasa alade, ta tsaya a kansa. Amma ƙarin ya riga ya danne tumbi. Cokali huɗu sai ya ture kwano.

Awa tara aka yi ana fiɗa. Aka fitar da ƙari mai kilo goma sha ɗaya haɗe da ƙodar, ya kuma farfaɗo.

"Baba, yi tari majinar ta fito," nas ke lallashinsa, sau shida a wuni.

Sai ya tattaro ƙarfi, jijiyar wuya ta miƙe, iska kawai ke fita. Ɗinki ya ƙi kamawa, huhu ya cika da ruwa. Rana ta goma sha bakwai Chil-seong ya rasu, da azahar.

Bayan kwana biyu sakamakon gwaji ya fito. An cire ƙarin tas, ba a bar ko ƙwarzane ba.