Gadon da bai karye ba

Yayanmu shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ko lokacin da ya buɗe kantin kayan ɗaki a Maraɗi, ya ƙara wani a Ɗan Issa, ya zo ya kafa na uku a nan Madarumfa, in mata suka yi mata barka sai ta kawar da kai, ta shiga tambayar lafiyar awakinsu. Ni kuwa autarta, ba ni da wannan kara. Har a bakin rijiya sai na san yadda na cusa zancen kantunanmu.

Kayan kam sun ɗauki ido. Gadaje masu madubi, kujerun salo na zaman falo, duk suna sheƙi, kuma ba su kai na kafintocin gari tsada ba. Amaren garin Sarkin Yamma ma da su ake yi musu jere. Yaya ya aiko wa Inna gado mafi girma, sai da aka fasa ƙofar ɗakinta kafin ya shiga. Ba ta ce an gode ba. Cewa ta yi ya cika mata ɗaki.

Ashe ba katako ba ne, garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fenti. An yi shi don gidajen birni masu daɓen siminti. Mu kuwa ɗakunanmu ƙasa ce, kuma kowace mace da ta san kanta sai ta yayyafa ruwa da safe kafin ta yi shara. Ƙafafun gadajen suka yi ta sha, suna kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Damina ta ƙarasa aikin. Yau a ce gadon wance ya durƙushe, gobe a ce kujera ta zube da surukin wane a tsakiyar gaisuwa.

Kantin Ɗan Issa ya fara rufewa, na Maraɗi ya bi. Namu na nan ya koma wurin ajiye buhunan wake. Yara suka sa wa duk abin da ba ya ƙarko sunan kantin, har takalmin roba. Yaya ya daina zuwa gari ko da sallah. Ni da nake baza baki, na koma zuwa rijiya da tsakar rana don kada in haɗu da kowa. Kunya ta ishe ni, har haushinsa nake ji.

Gadon Inna kaɗai ya tsaya. Kullum a gyare, da zanen gado har ƙasa, ƙofa kuma a buɗe. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta saci kallonsa. Na sha jin ana cewa, to, wataƙila dai rashin iya riƙo ne, ga na tsohuwa nan garau.

Wata rana da hantsi ta tafi gidan suna, na ce bari in share mata ɗaki. Na ɗebo ruwa zan yayyafa, na ɗaga zanen. Babu ƙafa ko ɗaya. Tubala ne a jere, da guntun turmi a kusurwa, sun tallafe allon da ya riga ya rabe biyu. Can ciki ga tabarma a naɗe da ɗan matashinta. Mace mai ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take miƙewa.

Ina nan tsugune ta dawo. Ta dubi ƙwaryar ruwan da ke hannuna.

"Aje wannan. Ba a yayyahi nan ɗaki."

"Inna, tun yaushe kike kwana ƙasa?"

"Mi ya kai ki ɗaga min zane?"

Na ce gobe zan kira kafinta ya fitar da shi, a kawo mata ko na ƙarfe ne. Ta zauna a bakin ƙofa da ƙyar, tana murza gwiwa, ba ta dube ni ba.

"Kowa garin ga ya hidda nashi waje, an gani. In na hidda nawa, wa ya rage ma wancan?"

Na tsaya da ƙwarya a hannu, kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji a bakin rijiya ba. Na fita na zubar da ruwan a gindin zogale. Na dawo na saki zanen, na ja shi sosai har ya rufe turmin.