Rumbun da Ba a Buɗe wa Baƙo

Garwa

Bayan sallar asuba na bar gida, raina a jagule. Aikina a ofis haɗa alƙaluman amfanin gona, waɗanda da su ake hasashen inda abinci zai isa da inda za a kai tallafin hatsi. Rahoton bana ya ce wani ƙauye bayan Ngong ya yi rarar masara. Ni kuwa na ga mutanensa a kasuwa suna sayar da awaki masu ciki. Washegari rahoton zai wuce Yawunde, shugabana kuma ya ce in daina neman fitina.

Ngong

A motar haya muka haye gadar Binuwai gari na wayewa. A shingen jandarmomi wani ya juya katin shaidata ya sake juyawa.

"Madam, ina takardar izinin aiki?"

"Ziyara zan je," na ce. Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo.

Daga Ngong na hau babur. Gonaki duk karan masara, amma sirara kamar tsintsiya.

Ƙauye

Mai gidan da na sauka, Baffa Buba, ya tarbe ni a zaure. Na tambaye shi yaya damina.

"Jam, lafiya lau, 'yata. Alhamdulillahi, mun samu."

Abin da ya faɗa wa ma'aikatanmu ke nan. Maza ne, a zaure suka tsaya suka rubuta. Dattijo irinsa ba ya cewa baƙo rumbunsa ya bushe.

Ni mace ce, na wuce ciki. Matarsa, Dada Hawwa, ta kawo tuwo da miyar kuka, na ci don yunwa ta ci ni. Da na nemi ganin rumbu, ta kai ni ta ɗaga murfin. Ƙasan rumbun na hango, babu hatsi.

"To wannan tuwon fa, Dada?"

"Irin shuka ne. Baƙuwa ba ta tafiya haka."

Kunya ta rufe ni.

Garwa

La'asar sakaliya na faɗa ofis da ƙurata.

"Wa ya ce miki ba su da abinci?" in ji shugabana.

"Babu wanda ya ce, ranka ya daɗe. Kuma ko sun mutu ba za su ce ba."

Ya yi tsaki, ya janye rahoton gefe. "Gobe ku koma. Ki tafi da ma'aikata mata."

Na isa gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Dada Hawwa. Tuwon da aka ajiye mini dai ban iya taɓa shi ba.