Saƙin amaren gidanmu

A shekarar da ɗiyata za ta yi aure, ina aikin kula da wata tsohuwa a Manhattan, 'yar asalin Danmak. Ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, amma baki garau. Ba ta da hira sai ta matan gidan sarautar ƙasarsu. Ni da ban san inda Danmak take ba, sai da na haddace su kaf: 'ya'yan sarki uku, duk mata, babbar ta gaji sarauta, ta tsakiya ta auri Bajamushe, autar ta auri sarkin Girka, mulki ya suɓuce masa, ta yi ta zaman ƙasar wasu. Ina shafa mata mai tana faɗa min wa ya haifi wa, kai ka ce da ita aka raɗa musu suna.

Wata rana ta sa na ɗauko tsoffin mujallunta, ta jera min hotunan bikinsu. "Dubi mayafin," in ji ta. Ashe guda ne. Uwarsu ce ta zo da shi daga gidansu, su ukun kowacce ta yafa ranar aurenta, haka 'ya'yansu mata, har waɗanda suka tashi a waje.

Nan take hankalina ya bar ɗakin. Mu ma a Maraɗi muna da namu, wani saƙi na kakarmu da kowace amarya a gidan take ɗaurawa, bayan biki a wanke a mayar wa babba. Na ɗaura, ƙannena sun ɗaura. Tun rasuwar Inna yana hannun Yaya, kuma na daɗe da roƙonta ta aiko.

Kullum da dalilinta. Yau ba ta samu matafiyi ba, gobe ba ta yarda da matafiyin ba. Angon ɗan Zangon Kumasi ne, yaron kirki, amma Yaya ta ce ba ta san danginsa ba. In na matsa ta ce, "Ke dai ki yi hanƙuri, shina nan tahe." Ni da haƙuri kuwa ba ma shiri. In na tashi aiki ba na wucewa gida Highbridge, sai in sauka Harlem, in bi shagunan mutanenmu ina tambayar wa ya dawo daga gida. Har wani mai sayar da turare ya fara gaishe ni da "Hajiya, ba saƙo."

Ɗiyata ta ce in bar wahala, ta ga leshi mai kyau. Na yi mata tsawa, ta ba ni amsa da Turanci, raina ya ƙara ɓaci. Tsoro nake ji, ba zane nake nema ba. So nake a ce yarinyar da aka haifa a Bronx tana cikin amaren gidanmu.

Ana gab da biki mai turaren ya kira ni, wai saƙo ya iso, na je na karɓo. Ban jira na kai gida ba, a cikin bas na kwance ƙullin. Saƙin ne, da ƙanshin akwatin Inna. Na ware shi a cinyata, sai ya ƙare da wuri. An raba shi biyu da almakashi, an kalmashe bakin da zare sabo.

Na buga wa Yaya waya. "Yaya, mi kika yi haka?"

"Na hutar da ke," in ji ta, a natse. "Wanga rabin naku ne, ku da ɗiyanku. Ba sai kin maido ba."

Na so in yi faɗa, na fasa. Ni aro na roƙa, don wanda ake jiran dawowarsa shi ake ba aro. Na yi mata godiya, bas ta wuce tashata ina zaune.