Fuskar da Wanzami Bai Taɓa Ba

A Giwa Tazo idan ka tambayi gidan Muntari, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce gidan Ja, kowa zai nuna maka ƙofa. Manomin albasa ne, ya haura hamsin, dogo siriri mai dogon hanci, jajir da shi. Fuskarsa sumul take, ba tabo ko ɗaya, kuma a kan wannan fuskar labarinsa yake.

Gidansu gidan zane ne. Tun kakanni, duk ɗan da aka haifa, wanzami zai zo ya yi masa aski, sannan ya ja masa tsaga a kunci biyu, daga gefen ido zuwa bakin leɓe. Da ita ake gane ɗan gidan ko a kasuwar wani gari. Haka aka yi wa ubansu, haka aka yi wa yayansa Barau, wanda ya fito baƙi ƙirin kamar uban. Da aka haifi Muntari, mata suka yi ta tururuwa zuwa kallonsa, ana cewa jinin wata kaka ta can baya ne ya dawo. Ranar da wanzami ya zare aska, kakarsu Delu ta riƙe masa hannu.

"Wanga yaro ba a taɓa mai huska," in ji ta. "Allah ya gama aikinai, mi za ka ƙara?"

Uban bai so ba, amma ba mai ja da Delu a gidan. Wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira, ya karɓi goronsa ya tafi.

Haka yaran biyu suka tashi a tsakar gida ɗaya, kwano ɗaya, amma ba daidai ba. In an yanka kaza, hanta ta Ja ce. In za a je biki Alelu, shi Delu take goyawa, Barau ya biyo baya da ƙafa riƙe da tabarma. Ba wai ba ta son Barau ba ne. Ranar da kunama ta harbe shi, ita ta zauna tana kuka tana shafa masa magani. Sai dai ko cikin kukan, gindin tukunya take kiransa, kuma duk gidan dariya suke yi. Barau bai taɓa dariyar ba.

Da suka isa aure, Barau ne ya fara ganin Balaraba, wata yarinya mai sayar da fura a Fagada. Ya yi ta zarya, wata rana ya ɗauki ƙanensa ya raka shi. Bayan sati yarinyar ta aiko cewa in dai gidan ne, ita jan take so. Aka ɗaura da Muntari. Barau ya zo ɗaurin aure, ya yi addu'a da kowa, sannan ya ja katanga tsakanin sashensa da na ƙanen. Tun daga nan gaisuwa ce kawai a bakin masallaci. Gonakinsu na fadama suna jere, amma kowa da rijiyarsa.

Muntari bai san shi ma baƙar fata ne a idon wasu ba sai da ya je aikin Hajji, ya tsaya can neman na kai. Ya samu aiki a lambun wani Balarabe. Can ba wanda ya kira shi Ja. Shi da wani mutumin Sudan da wani na Gana, duk suna ɗaya ake kiransu da shi, sunan da ake kiran bawa. Ba wanda ya tambaye shi garinsu ko sunan ubansa. An ware musu moɗar shan ruwa, an rataye ta a bayan ɗaki. Wata rana ƙishi ya sa ya sha da kofin gidan, sai matar gidan ta ɗauke shi da tsumma ta jefa a shara, a gabansa, ba ko faɗa.

Da ya dawo ya ba da labarin a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, mutane suna ta salati. Barau yana gefe yana gyaran kalmensa na noma. Bai ɗago kai ba ya ce ashe can ma suna da tasu Delu. Muntari ya ce a'a, ba ɗaya ba ne, Delu ko ta zage ka da kwanonta za ta ba ka tuwo, su kuwa ba su ɗauke ka mutum irinsu ba. Barau ya ce to, shi dai bai je can ba, ta nan ya sani.

Shekaru suka ja. Muntari ya riƙe nomansa, ya aurar da 'ya'ya. Kowace shekara bayan girbi, wani Bafillace mai suna Jaɓɓi yakan sauke shanunsa a gonarsa ta tudu su zuba taki, shi kuma ya ba shi gero. Jaɓɓi gajere ne, baƙi ya fi Barau. Mutanen gari har tsokanar Jaɓɓi da Muntari suke yi, wai an yi musanyarsu a zanin goyo.

Sai zamani ya canja. Aka fara jin an kore shanun wane, an ɗauke wane a gona sai da aka sayar da rumbu aka fanso shi. Wasu ba su dawo ba. Matasa suka taru suka yi ƙungiyar sa-kai, da bindigogin gida da layu da jan ƙyalle a dantse. Da farko kowa ya ji daɗi, Muntari ma ya ba da gudummawar hatsi. Suka gindaya gungumen icce a hanyar da ke fita zuwa titi. Daga baya aka kawo musu wasu daga nesa, waɗanda aka ce ƙarfe ba ya cinsu. Waɗannan ba su san kowa ba, ba su san ɗan wane ba. Fuska suke dubawa.

Matan Fulani suka daina kawo nono kasuwa. Aka ce an sauke wani daga mota a wata hanya, an shiga da shi daji, takalminsa kaɗai aka gani. Aka ce ba ma Bafillace ba ne, tela ne daga Jega, fari ne kawai. Wasu suka ce ƙarya ne. Ba wanda ya je ya bincika. Amma Muntari ya lura, in ya iso gindin darbejiya ana wannan zance, sai a yi shiru a kama wani.

Ya daina fita wajen gari. Albasarsa tana jibge a rudu, rumfar kara da ake ajiye ta ta sha iska har farashi ya tashi. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ta ƙasa ta fara laushi, wari na tashi. In ruwa ya sauka a kanta, noman shekara ya tafi. Dillalai kuma sun daina shigowa ƙauye. Dole mai kaya ya kai kayansa Aliero da kansa.

Sai ya tafi wurin Maiwada wanzami, ɗan wancan da Delu ta riƙe wa hannu. Ya zauna kamar mai son aski, sai da kowa ya watse ya faɗi abin da ya kawo shi. Zanen gidansu yake so a yi masa, yanzu. Maiwada ya ɗauka wasa ne, sai da ya dubi idonsa. Ya ce shi rabonsa da tsaga tun kafin a haifi autarsa, mutane sun daina. Kuma zanen da ya girma tare da mutum daban yake, yana faɗi, yana lafewa cikin fata. Sabon yanka a fuskar dattijo kuwa, ko makaho ya shafa ya san na jiya ne.

"Yanzu tuhumarka suka yi," in ji Maiwada. "In sunka ga ɗanyen miki, sun tabbata kana ɓoyon wani abu. Tashi ka tahi gida, Ja."

Ranar kasuwa da safe aka loda buhunansa a motar kaya. Mutane suka hau saman kaya. Barau yana ciki da nasa buhunan, can gaba, ya ba shi baya. A bakin gari wani ya tsayar da motar, ya hau da ƙyar da hannu ɗaya. Jaɓɓi ne. Saniya ta karya masa hannu, ya kumbura ya yi suntum, za shi wurin masu ɗori a Aliero. Ya bar sandarsa da malafarsa a ruga, ya sa hula da riga irin ta kowa. Ya zauna kusa da Muntari, bai gaishe shi ba, don in ya buɗe baki harshensa zai tona shi. Duk motar an san shi. Kowa ya dubi wani wuri.

A wurin gungumen icce aka tsayar da su. Shugaban masu tsaron baƙo ne, ƙato mai jan ido, da madubai ɗinke a rigarsa. Ya zagaya motar a hankali yana duban fuskoki. Ya wuce Barau. Ya wuce Jaɓɓi, ko tsayawa bai yi ba. Ya nuna Muntari da bakin bindiga ya ce ya sauko.

Muntari ya sauko, ya faɗi sunansa da na ubansa da na unguwarsu. Mutumin ya ce ai duk sun iya Hausa yanzu. Direba ya sa baki ya ce ya san shi, manomi ne. Aka ce masa ya yi shiru, shi da ko aljani ya biya kuɗin mota ɗauka zai yi. Mutumin ya kama haɓar Muntari ya juya ta dama da hagu, kamar mai tayin rago. Ya ce dattawan wannan yanki da ya gani duk da zanensu, nasa ina yake.

"Ni ba Bahillace ba na," in ji Muntari. Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so, kuma ya san har saman mota an ji ta.

Mutumin ya yi murmushi. Ya ce to madalla, in shi ɗan gari ne ya san kowa. An ba su labarin akwai wani Bafillace da zai bi hanyar nan yau. In Muntari ya nuna shi, sai ya hau mota ya tafi. In kuwa babu, to shi ne.

Wasu matasa biyu suka matso da igiya. Bayan shingen akwai wata 'yar hanya da ta shige cikin sabara, ciyawarta ta kwanta saboda tafiya. Muntari ya dube ta. Ya ji wuyansa yana son juyawa wajen motar, inda Jaɓɓi yake, shi kaɗai, ba da izininsa ba.

Sai aka ji buhu ya motsa. Barau ne yake saukowa, a hankali, da gwiwarsa mai ciwo. Ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ƙanensa, ya cire hula.

"Duba tawa," in ji shi. "Uwa guda, uba guda. Wagga tsaga da kaka gani, tamu ce mu biyu. Wata tsohuwa ta hana a yi mai tashi. In daji za ku da shi, ku ƙaro igiya."

Baƙon ya yi dariya, ya ce yaushe gawayi da manja suka fito ciki ɗaya. Barau bai matsa ba. Can sai ɗaya daga cikin masu igiyar ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye, ya ce gaskiya ne, Baba Ja ne, ƙanen Baba Barau. Muntari ya dube shi da kyau. Ɗanlami ne, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya tashi yana cin tuwon Balaraba. Tun ɗazu yana tsaye a wurin.

Baƙon ya tofar da yawu, ya sa aka janye iccen. Da Muntari zai hau, ya dafa masa kafaɗa.

"Yau huskar wanga ta hisshe ka. Ranar da kaz zo ba shi, mu gama maganarmu."

Motar ta hau titi. Jaɓɓi ya rungume hannunsa, idonsa a rufe, leɓensa na motsi. Sai da gine-ginen Aliero suka fara bayyana Muntari ya matsa kusa da yayansa ya ce, Yaya, Allah shi saka. Barau yana kallon hanya.

"Na ga wuyanka za shi juyawa," in ji shi. "Shi yas sa nis sauka."

An sayar da albasa, abin da bai ruɓe ba. Jaɓɓi ya sauka a bakin kasuwa ya shige cikin mutane, bai dawo a motar ba. Bayan girbin shekarar ba shanun da suka sauka a gonar tudu. An ce ya kwashe iyalinsa ya yi yamma.

Gungumen yana nan har yanzu, baƙon ma yana nan. Muntari ba ya wuce bakin gari shi kaɗai, ko ta'aziyya ce, ko asibiti. Duk ranar kasuwa zai zagaya katangar nan ya tsaya a ƙofar Barau, ya yi sallama, ya jira. Wani lokaci Barau ya fito da wuri, wani lokaci ya bar shi tsaye har rana ta ɗaga. Bai taɓa ƙin fitowa ba.

Sai dai tun damina Barau yake tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya rame, zanen kuncinsa ya ƙara zurfi. Balaraba takan dafa citta da kanumfari da zuma ta ba mijinta ya kai masa, ana dawo da kwanon a wanke, ba saƙo. In Muntari yana alwala a tsakar gida, ya ji tarin ya taso daga bayan katanga, sai ya tsaya da butar a hannu, yana saurare har ya lafa.